Yadda muke zaman ɗanɗanon shayi a Katsina, da yadda za ka fita yawon nemansa

Tun ranar da aka ga hoton tirenmu da kofuna jere kowanne da lamba a gindinsa mutane suka hana ni sakat, wannan ya kira waya, wancan ya tare ni ƙofar masallaci, wai mi kuke yi haka kamar masu gwajin jini a asibiti, shayin ma sai an yi mashi jarabawa? Na gaji da bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambaya in tura mashi kawai.

Ba mu muka ƙirƙiro ba gaskiya. Yayana ne da ya je karatu Sukotlan ya dawo yana ba mu labarin yadda mutanen can ke yi wa giyarsu ta wiski, a jera ƙananan kofuna, a fara da hanci kafin baki, a soma daga mai sauƙi a ƙare da mai warin hayaƙi irin ta tsibirin Islay, har mutum ya biya kuɗin jirgi daga wata ƙasa don kawai ya zagaya gidajen da ake yinta. Mu kam wannan ba hanyarmu ba ce, addini ya hana, magana ta ƙare. Amma tsarin ya tsaya mani a rai, don mu nan sai mutum ya sha shayi sau huɗu a rana shekara da shekaru, in ka tambaye shi wane ganye ya fi sai ya ce wanda ya ji suga. Sai muka ɗauki tsarin muka bar masu kwalbar. Ga yadda muke yi.

1. Zaɓi dangi ɗaya

Kar ka haɗa komai rana ɗaya. In baƙin shayi ne irin na jaka da masu shayi ke dafawa, to baƙi zalla. In koren ganye ne irin na ataya, kore zalla. Iri huɗu ya isa ga zaman farko, in kun saba ku kai biyar, shida ita ce iyaka, daga nan harshe ya mutu duk abin da ka kurɓa ɗaya kake ji.

Ni shawarata ku fara da baƙi, don shi bakinku ya sani. Lipton, Top Tea, Highland Tea na Mambila, sai ɗaya na awo wanda ba shi da suna, wannan na huɗun kar ku raina shi.

Wasu sun tambaya ko za a iya yi da zoɓo ko kunun aya ko fura. Ana yi, tsarin ɗaya ne, a karɓo daga hannu huɗu daban a ɓoye sunan mai yi. Gargaɗi a nan: kunun aya ba ya jiran kowa, in ya wuni cikin zafin Katsina ba ƙanƙara zai yi tsami ya fara kumfa, to ya fara juyawa ke nan, ku zubar. A karɓo da safe a sha kafin azahar.

2. Sayen ganye

Babbar kasuwa ko manyan shagunan kayan shayi, inda kaya ke tafiya da sauri, kar ka sayi kwalin da ya shekara a kanta rana na dukansa har launinsa ya koɗe. Duba kwanan wata. In na awo ne ka ce a buɗe maka buhun ka sa hanci, in ka ji warin fumfuna ko na sabulu ko kananzir to ka wuce, ganyen shayi yana zuƙe warin duk abin da aka ajiye kusa da shi kuma ba ya saki.

Koren ganye na Sin za ka ga lambobi a jikin kwalin, 3505 shi ne wanda aka murza ƙulu-ƙulu kamar ƙwayar harsashi, su 9371 da 4011 da 41022 kuma dogaye ne a lanƙwashe. Rubuta lambar tare da sunan kamfanin, don kamfani ɗaya yana iya fitar da lamba uku kuma ba ɗanɗanonsu ɗaya ba.

Sayi mafi ƙanƙantar ƙunshi. Giram 6 kacal za ka jiƙa daga kowanne a zagayen farko, ba amfanin kwasar katon.

3. Kayan aiki da abin da za ku kashe

Buta babba guda ta tafasa ruwa, wadda ba a taɓa dafa citta ko kanumfari a cikinta ba. Kwanoni ko jug iri ɗaya guda huɗu masu murfi, na tangaran ko gilashi, ban da roba. Rariyar tace shayi. Finjali ko ƙaramin kofin gilashi, kowa da nashi. Farin faranti na zuba ganyen da aka tace. Agogon waya. Biro da takarda. Sai sikeli ƙarami mai batir irin na masu sayar da gwal, da abin awon ruwa, mu fidar jarirai sabuwa muka saya don tana da zanen mil a jiki, an yi mana dariya amma tana aiki.

Mu shida ne, zaman farko kowa ya kawo dubu uku saboda sikeli da kofuna, kuma su sau ɗaya ake saye. Daga baya, a farashin lokacin, dubu ɗaya-ɗaya ta riƙa isarmu ganye da ruwa da gawayi da gurasa. A naɗa mutum ɗaya mai riƙe kuɗi kuma a karɓa kafin ranar, wanda ya ce zai ba da in ya zo, hmm, kun dai san hali.

4. Ruwa

Nan mutane da yawa ke faɗuwa ba su sani ba. Kofin shayi kusan duka ruwa ne, in ruwan zartsi ne to ko ganyen da sarkin Ingila ke sha ka zuba zai fito dishi-dishi da wani maiƙo yana yawo a sama. Na famfo in yana warin magani ka tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya kwana. Na randa yana da daɗin sha amma yana kawo ƙamshin ƙasa, ka bar shi sai ranar da shi kake son gwadawa.

Mafi sauƙi ku sayi ruwan leda jaka guda na kamfani ɗaya, da shi za a jiƙa duka huɗun. Kuma sabon ruwa kowane tafashi, kar a yi ta maimaita wanda ya tafasa ya huce ya sake tafasa, shayinsa salam yake fitowa.

5. Mutane, lokaci da wuri

Mutum huɗu zuwa shida. In suka wuce haka ya zama majalisa, sai hirar siyasa da ƙwallo ta cinye zaman, kofi ya huce ba wanda ya rubuta komai.

Hantsin Asabar ya fi, ko bayan la'asar. Kar ku yi bayan isha'i, mun taɓa gwadawa da koren ganye iri biyar, wallahi har aka kira assalatu idona ƙur, washegari a wurin aiki kamar wanda aka yi wa duka. Kuma kar a zo da yunwa, shayi mai ƙarfi ba suga a cikin da ba komai yana tayar da zuciya, a ɗan taɓa wani abu mara yaji awa ɗaya kafin nan. Mai olsa, mai hawan jini, mai juna biyu, su tsaya a shinshinawa da kurɓi ɗaya su tofar, ba dole sai an haɗiye ba.

Ranar ba turare. Na san wannan yana da wuya ga Bakatsine, amma mutum ɗaya in ya shigo da turarensa mai ƙarfi ya kashe hancin kowa. Ba turaren wuta a ɗakin, ba goro, ba sigari, ba cingam, ba makilin daf da zama. Kawuna ya zo zama na biyu da goro a kumatu, na ce Kawu don Allah a ɗan ajiye, ya ce kai yaro ni goro ba ya hana ni jin komai, ƙarshe duk huɗun maki ɗaya ya ba su.

Babban gargaɗi, musamman lokacin ɗari: in da gawayi za ku tafasa ruwa, kurfotin ya zauna a waje ko a zaure mai iska. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari ba ta da launi, sai dai mutum ya ji ciwon kai da jiri da barci. Kar a yi wasa da wannan.

6. Ɓoye suna

Mutum ɗaya ne zai san wane ne wane, kuma shi ba ya ba da maki. Ya shiga ciki shi kaɗai, ya manna lamba 1 zuwa 4 a gindin kwanonin, ya rubuta a takarda ya ninke ya sa aljihu. In na jaka ne ya farke jakar ya zazzage ganyen, don zaren da 'yar takardar suna tona asiri. Kwalayen ma a ɓoye su.

Kar ku tsallake wannan matakin. Idon mutum in ya ga kwali mai tsada, harshensa sai ya bi. A zamanmu na farko wanda ya fi kowa cika baki a kan wani ganye da yake sha tun yana sakandare, shi ya ba wa ganyen nasa maki mafi ƙaranci, har ya rubuta "ruwan wanke buta", da aka buɗe takarda sai ya ce an yi mashi maguɗi.

7. Awo da jiƙawa

Ƙa'idar masu gwajin shayi a kamfanoni ita ce giram 2 na ganye ga mil 100 na tafasasshen ruwa, a rufe minti 6. Da gangan suke tsawaita lokacin don duk aibin ganye ya fito fili. Mu awon muka ɗauka, lokacin muka rage. Ga mutum shida, giram 6 a mil 300. In ba sikeli, jakar shayi guda kusan giram 2 ce, uku ke nan.

Fara ɗauraye kwanonin da ruwan zafi su ɗumama. Kafin a zuba ruwa a zagaya da busasshen ganyen kowa ya gani ya shinshina. Baƙi: ruwa yana tafasa a zuba, a rufe, minti 4. Kore: a sauke butar a buɗe ta ta sha iska kamar minti biyar, zafin ya sauko wajen digiri 80, sannan a zuba, minti 2 zuwa 3. In ka antaya wa koren ganye ruwa mai ɓararraka zai ƙone shi ya fito da ɗaci kamar maɗaci, sai ku zagi ganyen alhali laifinku ne.

Lura, jiƙawa ake yi ba dafawa ba. Ba a ɗora ganyen a wuta a wannan zagayen. Kuma a bar tazarar rabin minti tsakanin kwano da kwano wajen zuba ruwa, a bi wannan tazarar wajen tacewa, in ba haka ba na farko ya yi minti huɗu na ƙarshe ya yi shida, gwaji ya lalace. Ganyen da aka tace kar a zubar, a juye a farin faranti kusa da kwanonsa.

Ba suga. Ba madara. Ba citta. Na san za a yi ƙorafi, a yi haƙuri, lokacinsu na zuwa.

8. Ɗanɗanawa

Mai ɓoye suna shi zai jera daga mai hasken launi zuwa mai duhu, a fara da mai sauƙi. In kuka fara da mai ƙarfi na bayansa duk lami za ku ji su.

Ido tukuna. Ɗaga kofin wajen haske, ja ne garai-garai kamar zoɓon da aka sirka, ko kau duhu ne mai gurɓata? Sai hanci, kuma ka fara da jiƙaƙƙen ganyen da ke faranti da cikin murfin kwanon, nan ƙamshin ya fi taruwa. Shaƙa gajeru sau biyu uku, kar ka ja dogon numfashi tururi ya ƙone maka hanci.

Sannan baki. Bari ya huce daidai yadda za ka iya riƙe shi a baki, shayi mai ƙuna ba a jin komai nasa sai zafi. Kurɓi kaɗan ka zuƙe shi da iska har ya yi ƙara, fuuut, irin shan da iyayenmu suka hana mu muna yara, yau an halatta. Iskar ce ke watsa shi ko'ina a baki ta kai ƙamshin bayan hanci. Juya shi a baki kamar daƙiƙa biyar, haɗiye, sai ka rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, ka yi shiru ka saurari abin da ya rage. Wani ganyen da ka haɗiye ya tafi ke nan kamar ba a yi ba. Wani kau sai bayan ka haɗiye zai fara magana, wani ɗan zaƙi-zaƙi ya taso daga maƙogwaro ba tare da ƙwayar suga ba, to wannan shi ake nema.

Tsakanin kofi da kofi a kurkure baki da ruwa mai ɗumi a gutsuri gurasa. Burodinmu na gari suga ya yi mashi yawa, yana ruɗa harshe. In an gama huɗun a sake bi ta kansu bayan sun huce, ganye mai kyau ko ya yi sanyi yana shayuwa, mara kyau da ya huce asirinsa ke tonuwa.

Kuma a yi shiru har kowa ya rubuta. Mutum ɗaya in ya ce kai wannan akwai ƙauri, nan take kowa zai ji ƙauri.

9. Abin da za ka rubuta

Da farko mun ɗauka sai mun aro kalmomin Turawa, ashe Hausa ta wadatar. Babban abin da za ka koya shi ne raba ɗaci da bauri, mutane suna haɗa su alhali ba ɗaya ba ne. Ɗaci ɗanɗano ne da kake ji a harshe, irin na shuwaka. Bauri kuma ba ɗanɗano ba ne ma sosai, kamewa ce, baki ya bushe harshe ya yi kaushi kamar ka ci ɗanyar kanya ko ɓawon rumman. Baƙin shayi mai kyau yana da ɗan bauri, shi ke sa ya tsaya da ƙafarsa in an zuba madara, amma in ya kai ga maƙaƙi a wuya to ya wuce gona da iri.

Sauran: garɗi, kauri ko tsinkewa, ƙauri in an ƙona ganyen wajen busarwa, gafi, hamami, warin hayaƙi, warin ciyawa ɗanya, warin tsohon buhu. In ba ka sami kalma ba rubuta abin da ya tuna maka, ƙanena ya taɓa rubuta wa wani kore "kamar harawar wake bayan ruwan farko" kuma duk muka gane abin da yake nufi.

Maki daga 1 zuwa 5 a gida huɗu: launi, ƙamshi, ɗanɗano, abin da ya rage a baki. A tara, sannan a buɗe takardar aljihu, sannan a faɗi farashin kowanne. Ajiye takardun a littafi guda da kwanan wata da irin ruwan da aka yi amfani da shi.

10. Zagaye na biyu: suga, madara, kayan ƙamshi

Yanzu a ɗauki biyun da suka zo kan gaba a sake jiƙa su, a zuba suga awo ɗaya ga kowanne, a kurɓa, sannan madara iri ɗaya awo ɗaya. Za ku sha mamaki, wani da ya yi na ɗaya a zallansa madara na shiga sai ya ɓace, wanda kuka ce ya cika bauri shi zai miƙe. Shi ya sa masu shayi ke son ganye mai ƙarfi, sun san abin da suke yi.

Kayan ƙamshi ɗaya-ɗaya ake gwada su, citta ita kaɗai, kanumfari shi kaɗai, girfa, masoro, kimba, na'a-na'a. Kanumfari biyu sun isa mil 300, ya fi haka sai ya mamaye kofi ya sa harshe ya yi dundum.

Ataya kuma zamanta daban, don ita dafawa ake yi a ƙaramar buta bisa garwashi, ganye ɗaya a dafa shi sau uku, na farko ɗaci da ƙarfi, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi, ana ɗaga buta sama ana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta tsaya. Wannan hannu ne ba awo ba, ku gayyato wanda ya iya, Buzaye da mutanen Nijar da ke zaune cikin gari su ne malamanta, ku ba shi ganye biyu ya dafa maku a buta biyu, ku biya shi ladan zamansa. Kar wanda ya tashi bayan kofin farko, ana jiran na uku.

11. Yawon farko: teburan cikin gari

Kafin ka yi maganar mota, zagaya garinka. Bayan sallar asuba ruwan mai shayi yake sabo, in rana ta ɗaga ya sha wuta ya gaji. Zaɓi tebur uku ko huɗu a unguwanni daban, misali ɗaya wajen Ƙofar Ƙaura, ɗaya Ƙofar Ƙwaya, ɗaya cikin gari wajen Ƙofar Soro, ɗaya a tasha. Tafi da finjalinka a aljihu. Ka yi sallama, ka ce Malam a ba ni ruwan bunu rabin kofi kar a sa suga. Zai dube ka sau biyu, ka biya kuɗin cikakken kofi, in da hali ka haɗa da burodi.

Kar ka tambaye shi sirrin haɗinsa ranar farko, kar ka ɗauki hotonsa ba izini, kuma kar ka kuskura ka ce na wane ya fi naka. Sai ka zo sau uku huɗu ya saba da fuskarka, shi da kansa zai fara gaya maka mi yake jefawa a tukunya. Rubutun ma ka bari sai ka bar wurin, in ya ga biro da takarda zai zata daga ofishin haraji kake.

12. Daura da Mai'adua

Wannan tafiyar wuni guda ce. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80, ta Mashi, motocin KTSTA, wato hukumar sufuri ta jiha, da na haya suna tashi tun safe. Ku sa ta ranar Lahadi don ranar kasuwar Mai'adua ke ci, kuma daga Daura ba nisa.

Ku fara da rijiyar Kusugu, a gaida masu kula da wurin a ba su abin goro, in sun yarda ku ɗebi ruwan a ƙaramin galan mai tsabta, in kun dawo gida ku tafasa shi sosai ku jiƙa ganye ɗaya da shi da kuma ruwan leda, ku ji yadda ruwa kaɗai ke canja kofi. Daga nan Mai'adua. Kasuwar an fi saninta da dabbobi, amma saboda tana bakin iyaka mutanen Nijar suna cika ta, a nan za ka ga koren ganye kala-kala da rubutun Faransanci da Larabci a kwali, da ƙananan butoci da finjalai, da masu ataya a gefen rumfuna. Zauna wurin ɗaya daga cikinsu ka sha ka tambaye shi wane ganye yake dafawa, ya fi ka tambayi mai sayarwa, mai sayarwa duk kayansa na ɗaya ne.

Sayi kaɗan-kaɗan iri da yawa, na shan gida, hanyar akwai shingayen kwastan, in aka ga katon-katon a but za ka yi dogon bayani. Katin shaida a aljihu. Kuɗi a rarraba, ba aljihu ɗaya ba, kasuwa ce mai cunkoso. Ku kamo hanya da la'asar sakaliya ku shigo gida kafin magariba. Mai son ƙarasawa Damagaram ta Kongolam da Matamaye, wannan sai da fasfo da katin rigakafin shawara, kuma ya tambayi direbobin layin halin da boda ke ciki a satin kafin ya ɗaura niyya.

13. Mambila, inda ganyen ke fitowa

Wannan ita ce babbar tafiya, ba a yinta da garaje. Tsaunin Mambila yana jihar Taraba, ƙaramar hukumar Sardauna mai hedikwata a Gembu, gonar shayi da masana'antar Highland Tea suna Kakara. Ware kwana shida aƙalla, biyu zuwa, biyu can, biyu dawowa. Katsina zuwa Kano, Gombe, ka kwana Jalingo, washegari da sassafe Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan a fara hawa, hanya tana nannaɗe dutse kamar rawani har a fito sama wajen Nguroje.

Je da rani, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, damunar can doguwa ce kuma hanya ba ta da daɗi cikin ruwa. Rigar sanyi mai kauri da safa da hula, kar ka ce ai ni na saba da hunturun Katsina, ni haka na ce, daren farko da bargo biyu na kwana ina karkarwa. Zaɓi direban da ya saba da hawan, kuma ka duba da idonka yana da ruwa a galan, tamu motar a tsakiyar hawa ta yi zafi muka zauna bakin hanya awa biyu. Mai amai a mota ya zauna gaba kuma kar ya cika ciki. Ba tafiyar dare. Kuɗi a hannu, sabis yana ɗaukewa, tiransifa ba tabbas.

Nemi izinin shiga masana'anta tun kafin ka baro gida, ta hannun wani ɗan gari, kar ka faɗo masu kwatsam. In an shigar da kai ka bi ganyen daga farko: masu tsinka toho da ganye biyu na sama kawai suke cira, a shanya ya yi laushi, inji ya yayyanka, a bar shi ya sha iska har korensa ya koma ja-ja, a busar da zafi, a tankaɗe a raba manya da ƙanana. Wancan shan iskar shi ne duk bambancin baƙi da kore, itacen ɗaya ne. Ka tsaya a wannan ɗakin ka shaƙa da kyau, daga ranar in ka buɗe kwali a gida za ka gane sabo da tsoho.

Abu ɗaya da zai ruɗe ka: can sama wajen mita 1,600 ne, ruwa yana tafasa tun bai kai digiri 100 ba, wajen 95, ga sanyi ga gajiya ga daɗin wuri, komai ka sha za ka ce ba irinsa a duniya. Kar ka ba da maki a can. Sayo ka kawo gida a ɓoye mashi suna a jera shi da sauran.

14. Ajiye abin da ka kawo

Gwangwani mai murfi da ke kamawa gam, busasshe, kowane ganye da nashi, a manna takarda da suna da inda aka sayo da wata. Wuri mai duhu nesa da murhu. Ban da firij, in ka fito da shi raɓa ke kama shi. Kore ka shanye shi cikin 'yan watanni, baƙi ya fi jurewa. Kuma ka gaya wa mutanen gida mi ke cikin gwangwanin, nawa na Mambila a leda na bar shi kwana biyu kafin in sami gwangwani, Inna ta gani ta ɗauka kayan miya ne ta jefa shi kwandon da take ajiye daddawa, da na je nema ta ce ai ga shi nan na adana maka.